Ranar da Aka Ce In Durƙusa wa Ƙanena

Ni ban shiga makarantar boko da wuri ba. Lokacin da sa'o'ina 'yan gari suke rera abacada, ni ina bayan shanun mahaifina a dajin Kebbe, sanda a wuya, goran fura a kafaɗa. Ba don ciwon huhu da ya faɗa wa garkenmu wata damina ba, da ƙila har yau can nake. Shanun suka yi ta faɗuwa, har abin da ya rage bai kai a ce mutum guda ya tsaya kiwonsa ba. Baffana, ƙanen mahaifina, wanda yake zaune a Tambuwal yana fataucin fata da ƙirgi, ya zo jaje, ya tarar da ni zaune a gindin rumbu ba aikin fari ba na baƙi. Ya ce a ba shi ni ya sa ni elementare tare da ɗansa. Mahaifina bai so ba, amma ba shi da saniyar da zai kafa hujja da ita, sai ya ce a tafi da ni.

Ɗan baffan nan na girme shi, girma kuwa ba na gardama ba, don ina da wayona aka kawo goron sunansa Kebbe. Tun da ya buɗe baki Yaya yake ce mini. Da na zo Tambuwal na tarar ya riga ni da aji biyu, amma wannan bai dami kowa ba. Elementare ta jeka-ka-dawo ce, da an tashi kowa gidan ubansa zai nufa, a gida kuwa an san wanda ya riga wani zuwa duniya. Akushi ɗaya muke ci, ba ya sa hannu sai na sa. In an aike mu kasuwa shi ke ɗauko kaya. Da safe yakan rage tsawo ya gaishe ni, kamar yadda nake yi wa nawa yayyen. Da yamma kuma ya zaunar da ni a zaure ya koya mini tarawa da ɗebewa, don shi kansa na ja ƙwarai, nawa kuwa sai da aka yi ta turawa. Ban taɓa jin kunyar koyo a wurinsa ba.

Ya gama elementare aka ɗauke shi makarantar midil ta kwana a birni. Bayan shekara biyu ni ma, da ƙyar da jiɓin goshi, na ci jarrabawar. Wannan kuwa 'yan shekaru ne bayan sojojin da suka je yaƙin Bama sun dawo gida. Ranar tafiya baffa ya raka mu bakin hanya, ya samo mana wuri a bayan wata babbar mota da ta yi lodin fata. Ya dafa kafaɗar ɗansa ya ce, "Ga yayanka nan, kai ka san wurin, ka nuna mai hanya." Ni kuma ya ce mini, "Kai ne babba, ka sa ido gare shi."

Muka hau kan ƙullin fatu muka zauna. Tun daga Tambuwal har muka wuce mararrabar Jabo ƙanena yana zaune can gefe. Sai da muka fara hango itatuwan birni ya matso kusa da ni.

"Yaya, akwai maganar da nika so in gaya ma tun ba mu sauka ba."

"Ina jin ka."

"Can ciki ba awa gida ba na. In munka shiga, ba ni iya ce ma Yaya gaban mutane. Kai ma kada ka kira ni da sunana."

"To, da mi zan kira ka?"

Ya sunkuyar da kai yana tsinkar gashin wata fatar akuya. Ya ce, "Za ka gani."

Na yi dariya, na ɗauka shirmen yara ne.

Makarantar an raba ta gida-gida, kowane gida da katangarsa da ɗakunan kwana na soro. Malamai suna koyarwa a aji, amma da an fito aji mulki ya koma hannun ɗalibai. Kowane gida yana da sarkinsa daga 'yan aji huɗu, da alƙali, da dogarai, kamar dai wata 'yar ƙaramar En'e, hukumar sarakuna ta lokacin. Akwai malami guda da ke kula da kowane gida, malamin gida, amma ba kullum yake leƙowa ba. Mu 'yan aji ɗaya ba a kiranmu da suna. 'Yan tsaki ake ce mana. Mu ne shara, mu ne ɗebo ruwa daga rijiya, mu ne wankin kwanuka. In ka haɗu da ɗan ajin gaba a hanya sai ka kauce ka cire hula. Ranar da aka yi miya da nama, yankan da ya faɗo a kwanonka ba naka ba ne sai in manya sun ƙoshi.

Ranar farko da aka jera mu a tsakar gida, na fi kowa tsawo a layin, muryata ta riga ta buɗe, har gashin baki ya fara tsiro mini. Wani dogari ya tsaya a gabana ya ɗaga kai yana kallona, ya ce, "Wanga ɗan tsako ai ya isa cara!" Gida duka ya kwashe da dariya. Ni ma na yi murmushi. Wanda ya yi shekaru yana kiwo ba a tsorata shi da ba'a, kuma duk ayyukan da suka lissafa ban ga na wahala a ciki ba. A gidanmu ma ƙanana ke yi wa manya hidima.

Daga nan sarkin gida ya fito. Dogo ne, siriri, mai magana a hankali, kuma a ganina ya ɗan girme ni. Ya ce za a raba 'yan tsaki ga manya, kowane ɗan tsako da ubangidansa daga aji uku ko aji huɗu. Aikin yaro shi ne da asuba ya kai wa ubangidansa ruwan alwala, ya durƙusa har ƙasa, ya ce "Ranka ya daɗe, an kwana lafiya?" kuma kada ya tashi sai an sallame shi. Ya wanke masa tufafi, ya gyara masa shimfiɗa. Aka yi ta kira ana rabawa. Da aka zo kaina sai na ji an ba da ni ga ƙanena.

Daga baya na ji cewa shi ne ya je ya roƙi sarki a ba shi ni. Yana tsoron kada in faɗa hannun wani mugu a cikin 'yan aji huɗu, ga shi ya san halina. Niyyarsa alheri ce, ban taɓa musun wannan ba. Bai dai gaya wa kowa abin da ke tsakaninmu ba, sai ya ce ɗan garinsu ne.

Washegari da asuba na cika buta na kai masa. Ruwa ba komai ba ne, lokacin da ya yi baƙon dauro a Tambuwal ni na riƙa kai masa ruwa har shimfiɗa. Na ajiye butar a gabansa ina tsaye, na ce, "Ka tashi lafiya?" Ya ɗaga kai ya dube ni, ya dubi sauran 'yan ɗakin, waɗanda kowa yaronsa na durƙushe a gabansa. Ya ce a hankali, "Lafiya lau. Je ka." Na juya na fita.

Haka muka yi ta yi na ɗan lokaci. Wanki na yi masa, shimfiɗa na gyara. In na gamu da sarkin gida ko alƙali na durƙusa musu, don ban san ranar haihuwarsu ba, ba mu haɗa kaka ba, na ɗauke su a matsayin da makaranta ta ba su. Amma wannan yaron na san shi tun yana cikin zanen goyo. Gwiwata ta ƙi, ni ma ban matsa mata ba.

A ɗakin da mutane da yawa suke kwana ba a ɓoye irin wannan. Wata safiya bayan an sha koko dogari ya zo ya ce sarki na kira. Na same shi zaune kan tabarma a ƙofar ɗakinsa, ƙanena na tsaye a gefe. Na durƙusa na gaishe shi.

Ya ce, "Ashe ka iya. An ce mini gwiwarka ba ta lanƙwasuwa."

"Tana lanƙwasuwa, ranka ya daɗe."

"To, mi ya hana ta lanƙwasuwa gaban ubangidanka?"

"Ƙanena na. Ubana da ubanai ciki ɗaya sunka fito, kuma nawa uban shi ne babba. Ni ma na girme shi."

Sarki ya juya ya dubi ƙanena. "Gaskiya na?" Ƙanena ya gyaɗa kai, idonsa a ƙasa. Sarki ya ce da ni, ba tare da ɗaga murya ba, "Na ji. Amma wannan lissafin Tambuwal ne, can ka baro shi. Nan ba a tambayar wa ya riga wa haihuwa, wa ya riga wa shigowa ake tambaya. Ni da kaka gani, wanda na yi wa hidima ina aji ɗaya ɗan barorin gidanmu ne. Na durƙusa mai shekara guda cur, ban mutu ba."

Na ce, "Ranka ya daɗe, wanda ya jera ku aji-aji hedimasta na. Wanda ya jera mu ni da shi Allah na. In an ce in ɗebo ruwan gidan nan duka ni kaɗai, zan ɗebo. Wannan guda ɗaya dai ba ni yi."

"Za ka ɗebo kuwa," in ji shi.

Na ɗebo. Aka ɗora mini cika randunan gida ni kaɗai. Da aka ga hakan bai dame ni ba, aka ƙara mini yankan ciyawar bayan katanga da lauje bayan la'asar, lokacin da sauran suke filin ƙwallo. Aka hana ni nama gaba ɗaya. Aka sa ni haƙa ramin shara a ƙasa mai tauri. Abin da ba su sani ba, duk wannan hutu ne a wurin wanda ya saba shayar da garke daga rijiya da guga a tsakiyar bazara. Ina yankan ciyawa ina waƙar kiwo da ƙarfi, yadda za a ji ni har fili. Kowace asuba kuma in kai buta, in ajiye, ina tsaye.

Wanda abin ya ci shi ne ƙanena. 'Yan ajinsu suka sa shi gaba. In ya shigo ɗaki sai wani ya ce, "Ku tashi, ga ubangidan da ke gaida yaronsa." Wani ya ce a tambaye shi ko ya kai wa ɗan tsakonsa ruwan alwala yau. Shi ne mafi ƙanƙanta a aji uku, kuma shi ke zuwa na ɗaya, don haka akwai masu jin haushinsa tun da can, sai ga shi sun sami sanda. Wata rana ya biyo ni bayan katanga ina yankan ciyawa. Ya duba hagu da dama, ya ga ba kowa.

"Yaya, don Allah don Annabi."

"Yau kuma na koma Yaya?"

"Ba ni na kafa dokar ba. Ka ɗan rage tsawo kawai, ko awa wani abu kaka ɗauka ƙasa. Sau ɗaya, su gani, shi ke nan. In munka koma gida ni zan yi ta durƙusa ma har ka gaji."

Na ga idonsa ya ciko, kuma na ji tausayinsa har cikin raina. Amma na ce masa, "In na yi sau ɗaya, da wane ido za ka dube ni gidan baffa? Ni kuma da wane ido zan dube ka? Je ka gaya ma sarki ya sauya mini ubangida. Ko wa anka ba ni zan durƙusa mai."

Ya je ya gaya masa. Sarki ya ƙi. Ya ce in aka sauya, gobe kowane ɗan tsako zai zo da nasa tarihin. Bai yi ƙarya ba kuwa, don kafin a jima wani ɗan aji ɗaya daga wajen Sanyinna ya ƙi durƙusa wa ubangidansa, ya ce kawunsa yake ta wajen uwa. Wani kuma ya cinye namansa a tsaye kafin a zo karɓa. Ni ban zuga kowa ba, ban ma yi magana da su ba, amma aka ce ni ne tushen ɓarna.

Ranar wata Asabar da yamma aka yi zaman shari'a. A ƙa'ida ba a yi wa ɗalibi bulala sai da sanin malamin gida, amma akwai wata tsamiya a bayan lambun makaranta inda manya ke yin nasu hukuncin ba tare da an sani ba. Nan aka tara gidanmu duka. 'Yan tsaki aka zaunar da su a gaba don su gani da kyau. Alƙali ya zauna kan saiwar tsamiyar, sarki a damansa.

Alƙali ya tambaye ni ko na san laifina. Na ce na san abin da ake zargina da shi. Ya ce ga dama ta ƙarshe, ga ubangidana nan tsaye, in durƙusa in gaishe shi a gaban jama'a, magana ta wuce. Na ce ba zan yi ba. Ya yanke mini bulala. Dogari ya fito da tsumagiya ɗanya wadda aka yanko daga tsamiyar, yana lanƙwasa ta. Sai sarki ya ɗaga hannu.

"Ba dogari ba. Wanda anka raina shi zai rama. A ba ubangidan."

 Aka miƙa wa ƙanena tsumagiyar. Ya karɓa kamar an ba shi maciji. Na tuɓe rigata da kaina, na rataye a reshe, na juya masa baya na dafa jikin itacen. Dogarai biyu suka matso za su riƙe ni, na ce su bari, ba inda za ni.

Bugun farko ko ƙuda ba zai kora ba. Sarki ya ce wannan ba ya cikin lissafi. Na biyu ma haka. Sarki ya ce, "In ba ka iyawa, kai ma tuɓe taka rigar, a haɗa ku, kuma daga yau ka koma cin abinci da 'yan tsaki."  Ban waiwaya ba, na ce, "Buga, ƙanena. Ni na ba ka izini."

Ban sani ba ko maganar ce ta ba shi haushi, ko tsoro ne, ko duk abin da ya haɗiye tun farkon zango ne ya taso masa. Ya buga da gaske. Tsumagiyar tsamiya ba ta karyewa da wuri, nannaɗe jiki take yi ta tsaga fata. Na cije leɓe, na kafa ido kan wasu tururuwa da ke hawa jikin itacen. Ban yi ƙara ba. Da alƙali ya ce ya isa, sai na ji tsumagiyar ta ƙara sauka, har sai da dogari ya riƙe masa hannu. Na juyo na gan shi yana kuka, majina da hawaye, kamar shi aka daka.

Na ɗauki rigata na sa. Sarki ya ce, "To, yanzu gaida ubangidanka."

Na dubi ƙanena na ce, "Sannu da aiki." Ina tsaye. Sannan na juya wajen sarki na durƙusa har ƙasa na ce, "Ranka ya daɗe, in an gama, randuna na jirana." Wasu daga cikin 'yan aji huɗu suka yi dariya, ba da son ransu ba. Sarki bai yi ba. Ya tashi ya kakkaɓe rigarsa ya tafi, taro ya watse.

Ranar Litinin a filin motsa jiki malamin gidanmu ya ga rigata ta manne a bayana da jini. Dattijo ne mai furfura a gemu, shi ke koya mana Larabci. Ya kira ni ɗakinsa ya sa na tuɓe, ya duba, ya yi salati. Ya tambayi wanda ya yi, na ce hukuncin gida ne. Bai matsa mini ba, don kafin la'asar ya riga ya ji komai daga wasu bakunan. Ya kira sarki da alƙali ya yi musu faɗa mai zafi a kan bulalar da ba izini, ya ce in Baturen makaranta ya ji, sarautarsu ta ƙare. Da suka fita ya juyo kaina.

"Kai kuma kada ka ga kamar ka yi nasara. Abin da ka faɗa gaskiya ne, ƙane ba ya zama wa. Amma yara masu yawa haka, daga gari daban-daban, ba uwa ba uba a kusa, in ba a jera su ta wata hanya ba cinye juna za su yi. Ka gane?"

Na ce, "Na gane, Malam. A jera ni ƙarƙashin kowa, ban da shi."

Ya girgiza kai ya ce taurin kaina irin na bijimin da ba a dandaƙe ba ne. Amma a ranar ya sa aka ɗauke ni daga hannun ƙanena aka ba wani ɗan aji huɗu, ƙato mai yawan barci. Washegari da asuba na kai masa buta, na durƙusa, na ce ransa ya daɗe. Ya buɗe ido ɗaya ya ce, "Ashe dai kana yi." Na ce ina yi mana.

Daga ranar tsamiya har ƙarshen zango ni da ƙanena ba mu yi magana ba. In ya hango ni sai ya sauya hanya. Da aka ba da hutun kaka muka hau mota ɗaya zuwa Tambuwal, shi a wannan kusurwa ni a waccan. Da muka sauka ya zo ya ɗauki akwatina ya ɗora a kan nasa, ya wuce gaba. Ban hana shi ba.

Mun tarar ana ɗaurin dawa a gonar baffa. Kwana biyu da isowarmu muka fita aiki, rana ta yi zafi na tuɓe riga, na manta. Baffa yana bayana yana ɗaure dami. Na ji ya daina motsi.

"Zo nan. Wa ya yi ma wanga aiki?"

"Dokar makaranta ta, Baffa."

"Ban tambaye ka doka ba. Hannun wa?"

Na sunkuyar da kai. Ba zan yi wa baffa ƙarya ba, kuma ba zan kai ƙarar yaro ba. Sai muka ji murya daga bayan tarin kara: "Ni na, Baba."

Baffa ya zauna a kan damin da yake ɗaurewa. Ya sa ɗansa ya ba da labari tun daga farko, yaron kuwa bai rage komai ba, har bugun da ya ƙara bayan an ce ya isa. Da ya gama, baffa ya kwance igiyar da ke ɗaure a ƙugunsa ya ninka ta biyu. Na shiga tsakaninsu na ce, "Baffa, tilasta shi anka yi. Kuma ni na ce ya buga." Ya dube ni ya ce in kauce. Na ce ba ni kaucewa. Muka tsaya haka har hannunsa ya sauka.

Ya ce da ɗansa, "Durƙusa ka roƙi yayanka gafara." Yaron ya zube a kan kututturen dawa. Na ce na yafe, ya tashi. Sannan baffa ya juyo kaina, ransa a ɓace. "Kai kuma, da ka lanƙwasa gwiwar nan da mi zai ragu gare ka? Na ce ka sa ido gare shi, ka je ka sa shi ya ɗauki alhakin da zai daɗe yana ci nai. Garin da ka tarar kowa da wutsiya, ai sai ka nemi kara ka ɗaura." Na bar maganar a nan, don baffa ne. Amma ban yarda ba.

Bayan an gama ɗaurin dawa na bi ayarin masu jakuna zuwa Kebbe. Labari ya riga ni isa, wani mai sayar da gishiri ya kai shi. Mahaifina yana zaune a ƙofar gida yana tufkar igiya. Na durƙusa na gaishe shi. Ya ce in juya in ɗaga riga. Ya duba, ya bi ɗaya daga cikin tabban da babban yatsansa, kamar yadda yake duba bayan saniya.

"Ka durƙusa?"

"A'a, Baba."

"Ko sau ɗaya?"

"Ko sau ɗaya."

Ya koma kan tufkarsa. Can ya ɗaga murya ya ce da innata a cikin gida a kama zakaran nan ja a yanka, yaro ya dawo. Bai sake tayar da maganar ba har ya bar duniya.

Da muka koma makaranta ƙanena ya shiga aji huɗu, aka naɗa shi alƙalin gidanmu. Alƙali kuwa kowa na ƙasa da shi durƙusa masa yake yi, ba sai yaronsa ba. Ranar da aka naɗa su aka tara gida a tsakar fili, sabon sarki da sabon alƙali suka fito, kowa ya zube. Na durƙusa wa sarki, da alƙali ya matso na miƙe, ni kaɗai a layin baya, tsawona ya sa ba mai cewa bai gani ba. Wani sabon dogari ya yunƙuro zai yi magana. Ƙanena ya kira shi ya aike shi ya duba ko an share bayan ɗakuna. Haka muka ƙare shekarar: in na tsaya, shi kuma sai ya sami abin kallo a wani gefen. A zamaninsa an yi shari'a a gindin tsamiya kamar kullum, an hana nama, an sa yankan ciyawa, amma ban ji ya yanke wa kowa bulala ba.

Ni ban taɓa samun sarauta a makarantar ba, ko ta dogari. Malamin gida ya gaya mini a fili cewa ba a ba mai gardama da doka riƙon doka, na ce ban nema ba. Da na gama aka tura ni aikin allurar shanu, na koma dajin da na fito. Ƙanena ya ci gaba da karatu, ya zama babban ma'aikaci, har ya kai ana tashi tsaye in ya shigo ofis. Mun yi zumunci, mun haɗa 'ya'yanmu aure, amma sakin jikin da muke yi a zauren baffa lokacin tarawa da ɗebewa bai dawo ba. Wannan shi ne abin da na biya, kuma baffa ya faɗa tun a gona. Jikokina in na ba su labarin sukan ce, "Kaka, a kan gaisuwa kawai?" Nakan ce musu a kanta kawai, kuma ko yau aka mai da ni gindin tsamiyar nan, da kaina zan tuɓe rigar.